Kullum Safiya, Ina Godiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar matar da ta shayar da ni, kuma har yau ban san sunanta ba. Gidanmu ne ya ƙwace mata shi. Kakana ya ƙwace, mahaifina ya riƙe, mu 'ya'ya muka gada muna dariya. Duk wanda wannan magana ta sosa wa rai a cikin dangi, ya nemi ruwan sanyi ya sha, don ban zo ba kowa haƙuri ba. Na yi shiru shekara sittin da 'yan kai, shirun bai tsinana mini komai ba.

Ba zan faɗi sunan garinmu ba, sunan 'yarta da na jikanta ma na sauya su. Mai karatu zai ga dalili a gaba.

Iya Safiya muke ce mata. Bayan haihuwata mahaifiyata ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe, aka ɗauke ni aka miƙa wa Iya, lokacin tana goyon 'yarta Ladi. Ni dama, Ladi hagu, haka take ba mu labari. Ɗakinta na jikin madafi, rufinsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Ba 'yar aiki ba ce, don ba a taɓa biyan ta ba. Ba dangi ba ce, don ba ta hawa tabarma ɗaya da iyayenmu mata. In baƙo ya tambaya sai a ce, "Ai 'yar gida ce," baƙon ya gyaɗa kai kamar an gaya masa komai. Ashe an gaya masa komai ɗin. Ni ce dai ban ji ba.

Akwai abin da ake yi a gidanmu kowace asuba. In mahaifina ya dawo daga masallaci, yakan tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya: "Kullum safiya!" Iya kuwa, ko tana tsakiyar dama koko, sai ta saki ludayi ta durƙusa ta ce: "Ina godiya." Shi ke nan, ya wuce turakarsa. Mu yara zatonmu barkwanci ne, an haɗa sunanta da safiyar Allah an yi wasa. Sai muka kwaikwaya. Mukan laɓe bayan rumbu mu ƙwala, "Kullum safiya!" don mu ga ta durƙusa. Kuma tana durƙusawa. Har autanmu, wanda ita ke yi masa tsarki, in ya kira da tsamin bakinsa sai ta russuna ta amsa. Ba ta taɓa haɗe rai ba. Na daɗe ina kafa hujja da wannan.

Sau biyu Iya ta buɗe mini ƙofa, sau biyu na wuce ban leƙa ba.

Na farko ranar sunan 'yata ta fari. Na kafe sai an sa mata Safiyya. Dangin mijina suna so a yi wa uwarsu takwara, ni kuwa tun ina yarinya bakina ba ya mutuwa, muka kai ruwa rana har suka gaji suka bar mini. Da aka shigo da labarin an raɗa suna, na miƙa wa Iya jaririyar na ce, ga takwararki. Ta karɓa, ta daɗe tana kallon ta, hawaye na ɗiga kan zanen goyo. Can ta ce, "Allah ya sa ita kam in an kira ta, ta amsa da na'am." Mata suka ce amin, aka rangaɗa guɗa. Na ce a raina, dubi yadda farin ciki ya sa Iya sambatu.

Na biyu ya fi ciwo. Ni ba a sa ni a boko ba, yayyena maza aka sa. Sai da mijina ya rasu na kama fataucin yadi, na gaji da dangwala babban yatsa a takardar da ban san abin da ke cikinta ba, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da ɗaya da furfura a goshi. Ranar da hannuna ya faɗa, na rubuta sunana, Rabi. Na biyu na rubuta na Iya. Malamarmu ta duba ta ce sunan mace "y" biyu gare shi, Safiyya. Mai "y" ɗaya ai safiyar gari ce. Na gyara, na yage shafin, na kai wa Iya ina fankama. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta tambaye ni harafi nawa ne. Na ƙirga mata bakwai. Ta ce, "Ya yi tsawo. Nawa bai kai haka ba." Na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Haba Iya, ke da ba ki san ko bihim ba, ke ce za ki gyara wa malama?" Ta yi murmushi, ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin zane. Karatun wata takwas ya sa na fi ta sanin sunanta.

Yanzu na daɗe a Dubai. Ina da rabin shago a kasuwar yadi ta Bur Dubai, ina zaɓar wa 'yan kasuwar gida kaya ina tura musu kago. Ina nan Iya ta rasu. Kowace shekara, in watan rasuwarta ya kama, nakan sa a dafa shinkafa a raba sadaka da sunan Iya Safiya, in kwanta ina jin na sauke nauyi. Abin da ya fasa mini wannan tulu daga jami'ar garinmu ya zo.

Filin da jami'ar take kai kakana ne ya bayar, kuma duk ɗan gidanmu ya san haka kafin ya haddace Fatiha. A bakin ƙofarta akwai allon dutse mai ɗauke da sunansa da kalmar "kyauta." Sau nawa na tsayar da mota a wurin don in nuna wa baƙi? Abin da allon bai faɗa ba shi ne, filin ba fili ba ne. Rinji ne, ƙauyen bayin gona, kuma ranar da aka yi kyauta da shi akwai mutane a ciki, da rumbunansu da matattunsu. Turawa sun ce sun hana bauta tun kafin a haifi Iya, amma takarda daban, tsakar gida daban. Aka tashe su da kalma ɗaya, yadda ake korar awaki daga shanya.

Bara, garin haƙa harsashin sabon ɗakin kwanan ɗalibai, aka tono ƙasusuwa. Ɗalibai suka tayar da magana, wasu malamai suka kama, jami'a ta kafa kwamiti. Na yaba musu, ko da yake sai da ƙashi ya fito fili suka tuna suna da sashen tarihi. A watan da ya wuce suka aiko wa zuriyar mai kyauta takardar cikewa mai gida biyu. Gida ɗaya na abin da muka sani game da wanda ya ba da filin, ɗayan na sunayen mutanen da suka zauna a rinjin. Suna so su gina bango kusa da allon kakana su rubuta sunayen a jiki.

Babban yayanmu ya bugo mini tun kafin in gama karantawa.

"Rabi, na san halinki. Kada ki cika takardar nan. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta."

"Yaya, wuƙar ai katafila ta riga ta tono ta."

"Mu ba mu sayi kowa ba, ba mu sayar da kowa ba. Riƙon 'yan'uwa muka yi musu. Wa ya kai Iya Makka?"

"Kai ne. Wa ta yi wa girki a Makkan?"

Ya kashe waya. Ni kuwa na yini ina jin kaina gwarzuwa, ni kaɗai mai gaskiya a gidan maƙaryata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bayan kwana biyu wata malama daga kwamitin ta kira ni. Ina shago, ina yanka wa wata kwastoma samfur. Ta tambaye ni ko ina tuna sunan wani daga rinjin. Na amsa da ƙarfina na ce, sosai ma, Iya Safiya, a can aka haife ta, kakana ya kawo ta gida tana 'yar shekara bakwai.

"Hajiya, ki gafarce ni. In an kira ta, da na'am take amsawa, ko akwai wata magana da take ƙarasawa?"

Ban san lokacin da na ajiye almakashi ba. Bakina ne ya amsa, ba ni ba.

"Ina godiya."

Ta yi mini bayani a hankali, kamar likita mai faɗin sakamakon da ba shi da daɗi. Ta ce a da ubangida kan cire wa bawa sunansa ya maye da rabin magana, in ya kira, dole bawan ya ƙarasa ɗaya rabin. Shi ya ce kullum safiya, ita ta ce ina godiya. Ba Safiyya ba ce. Mai "y" ɗaya ce, safiyar gari, yadda na fara rubutawa kafin a gyara mini. Ba ma suna ba ne, igiya ce: a ja wannan bakin, wancan ya amsa. Kowace safiya ta Allah a tuna mata ko ita wace ce, kuma ta gode.

A nan tsaye, tsakanin bandir-bandir na shadda, na tuna maganarmu ta ƙarshe. Tana kwance ciwon ajali, aka kara mata waya a kunne. Na so in sa ta dariya. Na gyara murya irin ta mahaifina na ce, "Kullum safiya, Iya!" Can ƙasa-ƙasa, da numfashin da ya rage mata, ta ce, "Ina godiya." Washegari ta cika. A duk faɗin duniya ni ce mutum ta ƙarshe da ta ja igiyar nan.

Na rufe shago tun kafin la'asar ta yi sanyi, na hau abra, ɗan jirgin ruwan fito, na tsallaka ruwa, na tari taksi zuwa unguwar Abu Hail. Ladi a can take. Bayan rasuwar Iya ni na nemo mata biza, ta zauna a wurina tana yi wa baƙina girki, shekara biyu ta ce ya isa, ta tattara ta tafi. Na yi ta yayata cewa ba ta da godiya. Kun ji kalmar da na zaɓa. Yanzu ita da wata 'yar zangon Kumasi suna da ɗan kicin nasu, suna kai wa 'yan kasuwa waina da tuwo. Ni Ladi nake ce mata, ita Hajiya take ce mini, alhali ita ma ta sauke farali, kuma ta girme ni da wata uku.

Na tarar da ita gaban tanda. Abokiyar sana'arta ta kalli fuskata sau ɗaya, ta ɗauki kuloli ta fita.

"Hajiya da kanta? Yau ta ina rana ta fito?"

"Ladi, tambaya na zo yi. Mene ne sunan Iya?"

Sai da ta juya waina uku kafin ta ɗago. "Yau kika ji?"

"Wallahi ban sani ba."

"Kin sani. Yaron da ke laɓewa bayan rumbu don ya ga babba ta durƙusa ya san abin da yake yi. Sunan abin ne kawai ba ki sani ba." Ta zuba mai a tanda. "Ni na riƙe mata wayar ran nan da kika kira. Kwana biyu ko ruwa ba ta iya nema da baki ba. Tana jin muryarki ta yunƙura za ta durƙusa a kan gado. Da ƙyar na kwantar da ita."

Ni da ba a taɓa kashe mini baki ba, ban musa mata ba. Sai na kawo mata zancen bango. Na ce zan gyara, zan sa a rubuta sunan Iya na gaskiya da manyan baƙaƙe kusa da na kakana, ko Yaya zai mutu. Ladi ta yi wata dariya mara daɗi.

"Bango. Ɗana Habu zai yi aure bayan sallah, kin sani? Dangin yarinyar sun zaga unguwa uku suna tambayar asalinsa. A garin nan namu, har gobe, akwai gidan da in aka ce jinin rinji ne, an naɗe tabarmar zance ke nan. Ki kafa sunan kakarsa a ƙofar jami'a, a kira 'yan jarida, a tafa miki. Shi wa zai tafa masa? Kun ba da fili, an rubuta ku. Yanzu za ku ba da hawaye, a sake rubuta ku. Khalas, ya isa haka, Hajiya."

"To ni kaɗai ki gaya mini. Ba zan kai wa kowa ba. Na sha nononta, Ladi."

"Kin sha. Kun sha nono, kun sha gumi, kun shanye mata safiya. Uwarta ta raɗa mata suna a rinji ranar bakwai, ita kuma ta raɗa mini a kunne ranar da za a kai ni ɗakin miji. Shi kaɗai ne abin da ya shiga gidanku ya fito ba ku taɓa shi ba. Ki bar mana."

"To me zan rubuta musu?"

"Naku. Ki rubuta naku duk inda kika ga dama, ko a jarida, ki dai bar namu. Wancan sunan ai ba namu ba ne, kakanki ya ɗora mata. An ce duk rinjin da ka shiga akwai Kullum Safiya, ba ya nuna kowa sai mai kiran. Ki mayar masa da kayansa." Ta kwashe waina masu zafi ta naɗe a takarda ta miƙo mini. "Ungo, yalla, yi maza kada su huce. Ba sai kin yi godiya ba."

A kan abra, hanyar komawa, ana kiran magariba daga gaɓa biyu, waina na ƙona mini cinya, na yi ta tambayar kaina abin da Iya za ta ce in ta ga yau. In ta ga masu digiri suna taro a ɗaki mai sanyi a kan ƙasusuwan iyayenta, ina jin za ta fara tambaya ko an mayar da su ƙasa, ko an fuskantar da su gabas. Bango ba zai dame ta ba, ba ta iya karatu ba. In ta ga Yaya yana tsoron takarda guda, za ta ce a ƙyale shi, tun yana yaro yake tsoron wanka. In ta gan ni ina kuka cikin jirgin ruwa a gaban 'yan Indiya da Larabawa, ina tsoron kada ta lallashe ni, don aikinta ke nan tun ina tsumma. Kuma da ta lallashe ni, da na sake cin bashin da ba a biya, na sake samun sauƙi a bayanta. Abin da na tabbata zai sa ta dariya har ta riƙe ciki shi ne Ladi, tsaye gaban tandarta, a ƙasar da ba ta kakan kowa ba, tana ce wa jikar mai rinji a'a, ba ta ko sauke cokali ba.

Ban ce jami'a ta yi kuskure ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wankan nan ya daɗe da wajaba. Amma ina gaya wa kwamitin, da duk gidan da ya gaji allo irin namu, cewa tuba ma tana iya zama ƙwace. Mun saba mu ɗauki abin mutane mu kira shi kyauta. Wanda ya kawo sunan kakarsa da hannunsa, a rubuta da zinariya. Wanda ya riƙe, a bar masa, don ya fi mu sanin garin da yake kwana. Kunyar da ake ji a kan kalmar rinji ba a gidan da ya dace take zaune ba. Muddin jikan wanda aka tasa ne ke ɓoye asali, jikan wanda ya tasa kuwa yana nuna wa baƙi allo, to ba a fara gyara ba.

Me ya rage na Iya? Ɗakin jikin madafi an rushe shi, Yaya ya yi garejin mota. Hotonta ɗaya ne, na fasfon Makka. Amma hannunta na nan a cikin wainar Ladi, mai laushin ciki da ƙamas a gefe. Sunanta na nan, gajere, a kunne ɗaya, kuma zai wuce zuwa wani kunnen ba tare da izininmu ba. Addu'arta ma ta karɓu. 'Yata Safiyya, mai "y" biyu, in na kira ta da na'am take amsawa, wata rana ma ta ce, "Mama, ina aiki, zan kira ki," ta kashe. Da nakan ji haushi. Ni kuwa abin da ya rage mini shi ne, tun daga ranar ban ƙara iya furta "ina godiya" ba. A kasuwa na koma shukran. Allah ya jiƙan Iya da sunanta na gaskiya, shi ya san shi, ba ya buƙatar bango.

Washegarin zuwana wurin Ladi da safe, bayan na idar da salla, na shimfiɗa takardar jami'a a kan tebur na ɗauki biro. A gidan mai kyauta na rubuta sunan kakana cikakke, a ƙarƙashinsa na rubuta: "Filin rinji ne, da mutane a ciki. Shi ya cire wa yarinya 'yar shekara bakwai sunanta ya sa mata Kullum Safiya. Ɗansa ya kira, jikokinsa suka kira har ta mutu. Ni ce ta ƙarshe." A ɗaya gidan, na sunayen mutanen rinji, na rubuta: "Tana da suna. Gajere ne. Yana wurin masu shi." Na sa hannu, ban dangwala yatsa ba. Na ɗauki hoton takardar na tura wa malamar, na tura wa Yaya, sannan na ɗauki mayafi na tafi buɗe shago.